Karatun Jinyar Wanda Ba Zai Tashi Ba

Na daɗe ina aikin nas a ɗakin maza na wani asibiti a Zuru kafin in koma karatu. Na saba da jini da wari da kukan 'yan'uwa, amma akwai magana ɗaya da na kasa sabawa da ita. Likita zai gama duba mutum, ya rufe fayil, ya ja babban ɗansa gefe ya ce, "Ku koma da shi gida, a ci gaba da addu'a." Daga nan ni ce mai cire robar ƙarin ruwa, ni ce mai naɗe zanin gado. Su kwashi tabarma da fulas da bokiti, a sa majinyaci a bayan mota ko a tsakanin mutum biyu a kan babur, su fice. Abin da ke faruwa bayan haka ban sani ba. Wani lokaci sai in haɗu da matar mutumin a kasuwa, in yi mata gaisuwa, ta ce, "Ya sha wahala, Sista. Ihu ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa."

Shi ya sa ranar da wata abokiyar aikina ta turo mini sanarwar wani kwas a waya, na tsaya na karanta da kyau. Karatun gaba da digiri ne na ma'aikatan lafiya, likitoci da nas-nas da masu haɗa magani, a kan kula da mutanen da ciwonsu ya fi ƙarfin asibiti. Yawancin darussan ta waya za a yi, sai 'yan makonni a wani asibitin koyarwa a kudu. Na nema, aka ɗauke ni. Gaskiya ban san takamaimai abin da na shiga ba. Ina dai so in ji ko akwai abin da ake yi wa mutum bayan an ce babu abin da za a yi masa.

Mahaifiyata na fara gaya wa. Na same ta a gidanmu na Rikoto tana tsintar wake a faifai.

Ta ce, "To in kin gama, likita za ki zama?"

Na ce, "A'a Mama, ina nan a nas ɗina."

"Girma za a ƙara miki?"

"Ban sani ba tukuna."

"To karatun mene ne?"

"Jinyar waɗanda ba za su warke ba."

Ta ajiye faifan a ƙasa. Ta bar Hausa ta koma yarenmu, C'lela, kamar yadda take yi duk lokacin da magana ta yi nauyi. Ta ce wa ya gaya mini ba za su warke ba, ni na halicce su? Ta ce ta san karatun haihuwa, ta san karatun ido da na ƙashi, amma ba ta taɓa jin an zauna a aji ana koyon yadda za a saduda ba. Na ce mata dai in na fara zan gane, in na gane zan yi mata bayani.

Sunan kwas ɗin da Turanci ya ƙara dagula al'amarin. Kalma ɗaya ce da wadda ake kiran shinkafa da taliyar da gwamnati ke rabawa tun da rayuwa ta yi tsada, wato faliyatib. Wata maƙwabciyarmu ta ji ni ina faɗa a waya. Ranar Lahadi da aka tashi daga coci, mata suka tare ni a bakin ƙofa. Wata ta riƙe mini hannu ta ce, "Sista, an ce ke aka ɗora a kan faliyatib. Kada ki manta da ni, marayu nake riƙo." Na yi ta bayani cewa ba na abinci ba ne, na marasa lafiyar da suke gab da tafiya ne. Wata tsohuwa ta ja da baya ta ce, "Wato mutuware za a mai da ke?" Haka aka rabu. Rabin unguwa na jiran shinkafa a hannuna, rabi kuma sun daina son in taɓa musu jarirai.

Darasin da yamma ake yi, bayan na tashi aiki. A gidana sabis ba ya zama, don haka nakan tsaya a asibiti, in ja benci ƙarƙashin wata dalbejiya kusa da tankin ruwa, inda waya ta fi kamawa. Babbar malamarmu likita ce, dattijuwa, mai magana a hankali kamar ba ta son tada mai barci. Sau da yawa sai ta kai gaɓar da nake jira, ta ce, "Abu mafi muhimmanci idan za ku zauna da majinyaci shi ne..." sai hoton ya daskare, bakinta a buɗe. In ɗaga waya sama, in zagaya tankin. Kafin ta dawo sai in ji tana cewa, "To wannan kada ku taɓa mantawa da shi." Da irin waɗannan ramuka na yi karatun, ina cike su da zato.

Abu na farko da aka koya mana shi ne auna zafin ciwo. A tambayi mutum, daga sifili zuwa goma, ina zafin ya kai. Washegari na gwada a kan wani manomi da aka kawo daga Kanya. Gumi na zuba masa, ya cije gefen rigarsa.

Na ce, "Malam, yaya jikin?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Na yi masa bayanin sifili da goma, na ce ya zaɓa. Ya dube ni kamar na tambaye shi nauyin iska.

Ya ce, "Yadda kika gani, ki sa."

A wurinmu, Musulmi da Kirista, mai ciwo ba ya cewa babu sauƙi. Faɗin haka kamar kai ƙarar Allah ne. Na kai wa malamarmu wannan matsala, ta ce in dubi fuska da numfashi da yadda mutum ke kwanciya. Na ce to, amma a raina ina cewa ai wannan shi nake yi tun kafin in zo.

Da lokacin zuwa kudu ya yi, na ga abin da ban taɓa gani ba. An kai mu wani ɗaki na masu ciwon daji da ya riga ya bazu. Na shiga ina shirin jin nishi, sai na tarar da wata mata tana yi wa 'yarta kitso a kan gado, wani kuma yana gardamar ƙwallo da mai shara. Ana ba su wani maganin ruwa a ɗan ƙaramin kofi, mofin. Mu a makarantar nas tsoronsa aka koya mana, cewa yana tsai da numfashi, yana kama mutum kamar ƙwaya. A nan kuwa aka nuna mana yadda ake farawa da kaɗan, a riƙa bayarwa a kan lokaci, a haɗa da maganin sakin ciki domin yana ɗaure bayan gida. Wannan ɓangaren na gane shi sarai, na kuma yi murna da shi.

Inda na ɓace shi ne darasin faɗin gaskiya. An ce majinyaci yana da haƙƙin sanin halin da yake ciki. Kada a yi masa ƙarya, kada kuma a ɗura masa abin da bai nema ba. A fara da tambayarsa me ya sani, sannan me yake so ya sani. Aka raba mu biyu-biyu muna gwadawa, wani ya zama majinyaci, wani ma'aikaci. Da Turanci na yi shi tsaf, har aka tafa mini. A mota kan hanyar dawowa na gwada maimaita maganar da Hausa a zuciyata, sai na ji ta koma mugun baki, kamar ina yi wa mutum fatan mutuwa. Na gwada da C'lela, ko farawa na kasa.

Aikin ƙarshe da aka ba mu shi ne kowa ya zaɓi majinyaci ɗaya ya bi shi har inda Allah ya tsayar, sannan ya zo ya ba da labarinsa a gaban malamai. Ban sha wahalar nema ba. A tsakiyar damina aka kawo wani tsohon soja daga Dabai. Dogo ne, ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi rawaya. Hoton ciki ya nuna ciwon daji ne a hanta, ya kuma yi nisa. Matarsa ce ke jinyarsa. Babban ɗansu ma soja ne, yana bakin daga a arewa maso gabas, ta waya likita ya gaya masa sakamakon.

Ranar da za a sallame su ɗan ya kira ni, domin na gaya wa matar zan riƙa zuwa gida duba tsohon.

Ya ce, "Sista, roƙonki nake yi. Kada ki gaya wa Baba sunan ciwon nan. Mama ma na ce mata ciwon hanta ne kawai. Baba ya ga yaƙi, amma kalmar nan za ta kashe shi kafin ciwon ya kashe shi."

Na ce, "Idan shi da kansa ya tambaye ni fa?"

Ya ce, "Ba zai tambaya ba. Ni na san ubana. Ina neman izinin zuwa gida, in na zo sai mu san abin yi."

Na ce masa ba zan ɗauki maganar in kai wa Baba ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da aka koya mana ke nan. Ya ce Allah ya ba mu sa'a. Ban san ko yarda ya yi ba.

Na roƙi likitanmu ya rubuta mofin. Da farko ya ce bai saba ba da shi ga wanda zai koma gida ba. Na nuna masa abin da aka koya mana, muka kira malamarmu ta yi masa magana, ya amince. Daga wani babban asibiti mai nisa aka samo maganin. Ranar da ya iso na hau kabu-kabu na nufi Dabai. Dawa ta yi kore shar a gefen hanya, duwatsu sun jiƙe da ruwan safe. Tun daga zaure na jiyo nishinsa. Yana kwance a kan tabarma a ɗaki, ya naɗe kamar jariri, yana magana da C'lela shi kaɗai, yana kiran uwarsa da ta mutu tun yana saurayi. Matar ta ce rabonsa da barcin kirki tun da suka baro asibiti.

Na auna masa na ba shi. Na nuna wa matar layin da za ta riƙa tsayawa a kai a jikin kofin awo da lokutan da za ta bayar. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, tsoron da aka dasa mini tun makarantar nas ya dawo mini gaba ɗaya. Can sai na ga ya miƙe ƙafafunsa. Fuskarsa ta saki. Ya yi barci.

Da na koma bayan 'yan kwanaki, na same shi zaune a kujerar roba a tsakar gida, rediyo a cinyarsa. Ya sha kunu da safe, ya ci lomar tuwo. Ya ga na shigo ya ɗaga hannu ya sara mini irin na soja.

Ya ce, "Ɗiyata, zo ki zauna. Ke kam hannunki na da albarka."

Na ga dama ta samu. Matar ta shiga madafa. Na ja kujera kusa da shi yadda aka koya mana, ba a tsaye ba, ba kuma nesa ba. Na ce, "Baba, me ka fahimta game da ciwon nan naka?"

Ya dube ni da mamaki, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ke da kika yi karatu, ni kike tambaya? Ni aikina in kwanta, ke aikinki ki sani."

Na ce, "To akwai abin da kake so ka sani?"

Ya juya kai wajen gonarsa da ke bayan katanga. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Dawar nan ta yi kyau bana. Kina ganin zan ga girbinta?"

Kafin in haɗa amsa matar ta fito da ruwa a kwano, ta ce, "Rabu da shi, Sista. Kowace shekara haka yake cewa, ko gwiwa ce ta yi masa ciwo." Shi kuma ya karɓi ruwan ya sha, ya koma murɗa rediyonsa. Na dawo gida ban san ko an yi mini tambayar ba ko ba a yi ba.

A darasi na gaba na kawo maganar. Wani likita ɗan ajinmu ya ce ai wannan ita ce tambayar, tsohon ya buɗe mini ƙofa na ƙi shiga. Wata nas ta ce a'a, maganar tsofaffi ce kawai, in na ɗauke ta da nauyi zan karya masa zuciya a banza. Malamarmu ta ce in koma in sake buɗe zancen a hankali, in bar shi ya ja ni inda yake so. Na ce idan ya ja ni gona fa? Ban san ko ta ji ba, domin daidai nan sabis ya ɗauke.

Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne ya biyo baya. Sauƙin da ya samu ya zama labari a unguwarsu. Mutumin da aka dawo da shi a kwance, ga shi yana fitowa zaure da sanda yana amsa gaisuwa. Matarsa ta tashi a coci ta ba da shaida cewa Allah ya warkar da maigidanta ta hannun wata nas. Zuwana na gaba na tarar an ɗaure ƙafafun wani zakara an ajiye mini, matan zumuntar coci sun zo gaisuwa suna ta sa mini albarka. Na ce, "Mama, maganin nan zafi kawai yake kwantarwa, ba ya taɓa ciwon." Ta ce, "Haka ne, Sista, Allah ne mai warkarwa, ke sanadi ce." Na sake faɗa da wasu kalmomin. Ta sake ba ni amsa ɗaya. Na hau kabu-kabu da zakara a cinyata yana fisge-fisge, ban san ko murna ya kamata in yi ko kuka ba. A duk karatun da muka yi, an gaya mana abin da za mu yi idan magani bai yi aiki ba. Ba wanda ya gaya mana abin da za mu yi idan ya yi aiki har mutane suka ɗauka an warke.

Sai kuma ɗan ya kira ni yana fara'a. Ya ce ya yi magana da Baba, muryarsa ta dawo kamar da. Ya ce izinin da ya nema ya fito, amma tun da sauƙi ya samu zai ɗaga zuwan zuwa Kirsimeti, domin ya daɗe a gida.

Na ce, "Yayana, kada ka ɗaga. Ka zo yanzu."

Ya ce, "Ba ke kika ba shi maganin da ya tashe shi ba?"

"Ni ce. Amma ciwon yana nan yadda likita ya gaya maka. Ƙaruwa ma yake yi. Zafin ne kawai ba ya ji."

"To mutum yana cin abinci, yana dariya, ki ce mini mutuwa yake yi?"

Na ce masa e. Ban taɓa faɗa wa kowa haka kai tsaye ba, sai ga shi na faɗa ta waya, ina tsaye a bakin titi mashina na wucewa, ga mutumin da ke riƙe da bindiga a daji. Duk ƙa'idojin da aka koya mana na zama da natsuwa da kallon ido, babu ko ɗaya a wurin. Ya kashe wayar bai yi sallama ba. Na kwana biyu ina tunanin na ɓata komai. Ranar kasuwa sai matar ta aiko mini cewa ɗanta ya iso.

Na same su a tsakar gida, uba da ɗa, suna gardama a kan wani kwamanda da tsohon ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ɗan ya raka ni waje. Bai ambaci maganar waya ba. Ya ce kawai, "Ya rame ƙwarai. A murya ba a gani." Ya yi kwanakinsa yana yi wa uban aski, yana ɗaukarsa zuwa bayan gida, ya gyara rufin rumbu da ke yoyo. Bai gaya masa komai ba, bai kuma gaya wa uwarsa ba. Da izininsa ya ƙare ya koma.

Bayan tafiyarsa jikin ya fara sauka. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya koma cokali biyu na kunu. Na ƙara masa magani kamar yadda aka koya mana, zafin bai dawo ba. Wata ranar Asabar da hantsi na same shi a kwance shi kaɗai, matar ta je ɗebo ruwa. Na ce a raina yau kam sai na gwada.

Na ce, "Baba, kwanaki ka tambaye ni maganar girbi, ban ba ka amsa ba."

Ya ce, "Na tambaye ki?"

"Ka tambaya."

Ya lumshe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "A bariki, in aka ce ka haɗa kayanka, ba ka tambayar ina za a. Haɗawa kake yi ka zauna a kai."

Na ce, "Kai ka haɗa naka, Baba?"

Ya ce, "Wane kaya gare ni? Dubi ƙafar nan, ɗiyata, ta yi nauyi. Ɗan ɗaga mini ita."

Na ɗaga masa ƙafar na sa matashi a ƙarƙashi. Na jira ko zai ƙara wani abu. Ya ce in buɗe taga. Shi ke nan.

Ya rasu da rana tsaka, lokacin da dawa ta fara nuna amma ba a sa mata lauje ba. Ba na wurin. Matar ta ce ya sha maganinsa, ya ce a juya shi ya fuskanci ƙofa, ta fita wanke kofi, ta dawo ta tarar ya tafi. Babu ihu, babu nishi.

A wurin zaman makoki matar ta riƙe hannuna ta ce, "Gara da bai san komai ba, Sista. Ya tafi yana sa ran tashi." Ashe ɗan ya gaya mata gaskiya bayan rasuwar. Ina fitowa sai ƙanen mamacin ya tare ni a zaure, wani dattijo mai furfura. Ya ce, "Yayana ya san tafiya zai yi. Ya kira ni ya nuna mini inda za a sa shi, kusa da mahaifinmu." Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ce yaushe ya gaya masa? Ya ce, "Bayan an dawo da shi daga asibiti." Ya ɗan yi tunani, ya ƙara da cewa, "Ko da yake tun da ya bar soja yake nuna mini wurin nan. Kusan duk shekara sai ya nuna."

Da ranar ba da labari ta zo, na zauna ƙarƙashin dalbejiyata na faɗi komai, har da zakaran. Malamai uku ne a kan waya. Suka yi mini tambayoyi a kan yawan maganin da yadda na ƙara shi, na amsa. Daga nan wani a cikinsu ya ce, "To a ƙarshe, majinyacinki ya san halin da yake ciki ko bai sani ba?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya ce, "Kin bi shi wata da watanni."

Na ce, "Na bi shi. Wani lokaci ina ganin ya sani tun kafin mu, yana lallaɓa mu ne. Wani lokaci ina ganin maganar dawa yake yi kawai."

Sai babbar malamarmu ta ce ita ma da mahaifinta ya kwanta ciwon ajali, da yarensu suka yi ta magana har ya rasu, kuma har yau ba za ta iya rantsewa a kan abin da ya sani ba. Ta ce a ci gaba, a kira mai bi mini. Ban gane ko yabo ne ko jaje ba. Da sakamako ya fito na ga na ci.

Yanzu an ba ni wani ɗan ɗaki a asibiti, kusa da wurin karɓar magani, ina zama a ciki ranar Laraba. Likitoci sukan turo mini waɗanda a da za a ce a koma da su gida kawai. Wasu suna zuwa, wasu suna jin abin da ake yi a ɗakin sai su wuce ta gabansa da sauri.

Wata Laraba ina rubutu aka yi sallama. Matar tsohon sojan ce, ta yi ƙiba kaɗan, ta riƙo hannun wata mata da ta rufe ƙirjinta da mayafi biyu duk da zafin da ake yi. Tun daga ƙofa na ji warin gyambon da ke ƙarƙashin mayafin, na kuma san abin da zan gani. Baƙuwar tana tirjewa, matar sojan kuma tana jan ta.

Ta ce mata, "Shigo mana, kada ki ji tsoro. Ita ce wadda na gaya miki. Ita ta warkar da maigidana kafin ya mutu."

Na buɗe baki zan gyara maganar, sai na ga baƙuwar ta ɗago ta dube ni, ta saki ƙofar da ta riƙe. Na tashi na ja mata kujera, na rufe labule, na wanke hannuna. Na tambaye ta da wane yare ta fi son mu yi magana.